Makarantar Kan Ƙanƙara a Ƙasar Kanada

Ƙasar Kanada, wadda Allah ya shimfiɗa ta a arewacin Amurka tun daga bakin tekun Atlantika har zuwa na Fasifik, ƙasa ce da hunturu yake yi wa sarauta kusan rabin shekara, yana daskarar da koguna da tafkuna har mota ta iya bi ta kan waɗansunsu. Mutanenta kuwa, da suka tabbata ba su da dabarar korar sanyi, sai suka yi sulhu da shi, suka ɗaura wa takalmansu ƙarfe mai kaifi a ƙasa, suka ɗauki sanduna masu lanƙwasasshen baki, suka mai da ruwan da ya sandare fagen wasa. Wannan shi ne asalin ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda majalisar dokokinsu ta tabbatar a 1994 cewa shi ne wasan ƙasa na lokacin hunturu, kuma har takardar kuɗinsu ta dala 5 ta taɓa ɗaukar hoton yara suna yin sa a kan daskararren tafki. Duk baƙon da ya zauna cikinsu a watan Janairu zai shaida cewa, in an cire maganar sanyi, babu zancen da ya kai wannan yawa a bakinsu, a kanti ne ko a jirgin ƙasa ko a ƙofar ɗakin ibada.

Ga wanda bai taɓa gani ba, siffar wasan ita ce fage na ƙanƙara mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, an kewaye shi da katako da gilashi, an kafa raga kusa da kowane ƙarshe, kowane ɓangare kuma mutum shida ne har da mai tsaron raga. Abin da ake kora wani baƙin faifai ne na roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa wajen giram 170, wanda ƙwararre kan make shi ya tafi da gudun da ya zarce kilomita 150 a awa. Ana yin zango uku na minti 20, kuma saboda tsananin gudu da wuya ɗan wasa ya wuce minti guda a ciki bai fito wani ya canje shi ba, alhali wasa na ci gaba. Wanda ya yi laifi kuwa a tura shi wani ɗan keji a gefe ya yi zaman kaso na minti biyu, 'yan'uwansa su ci gaba da fama da ragin mutum ɗaya. Wannan shi ne wasan manya, kuma talabijin ta wadatar da kowa da shi. Abin da na fi so in ba da labari shi ne yadda ake koyar da ƙanana, domin a nan ne na ga al'umma tana jayayya da kanta a kan mas'alar da ta girmi kowane wasa, wato yadda ya kamata babba ya bi da yaro.

Mai masaukina ɗan'uwa ne daga Kano, wanda aiki ya kai shi wani ƙaramin gari na lardin Ontariyo, yamma da birnin Toronto, yana kuma da ɗa ɗan shekara bakwai da ya shiga ƙungiyar yaran garin. Yaron ne ya matsa mini lamba yana cewa, “Baffa, sai ka zo ka ga yadda na iya tsayawa,” domin a kan ƙanƙara tafiya kowa ma zai tafi ko bai so ba, tsayawa ita ce ilimi. Da yake hayar fage tana da tsada, manya kuma sun kwashe lokutan maraice, sanyin safiya aka bar wa ƙanana. Saboda haka ranar Asabar muna idar da sallar asuba muka fita cikin duhu, don a tsakiyar hunturu rana ba ta ɓullowa sai wajen takwas saura kwata, muka tarar da harabar fagen maƙil da motoci, iyaye maza da mata suna jan manya-manyan jakunkuna, kowa da kofin gahawa a hannu, 'ya'yansu na biye da su barci bai gama sakinsu ba. A ɗakin shiri aka ɗauki lokaci ana ɗaura wa kowane yaro sulkensa, daga kariyar ƙwauri da wando mai soso zuwa kariyar kafaɗa da ta wuya, da safar hannu mai kauri, da hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska, har ya zama uba ba ya shaida ɗansa sai da lambar da ke bayan rigarsa. Ɗaure igiyar takalmi aikin iyaye ne, don hannun yaro ba ya iya ja ta yi tauri yadda ake so, sai ka ga likita da direban babbar mota a durƙushe a jere, kowa gaban ɗansa.

Da wata mota mai suna Zamboni, wadda wani Ba'amurke ya ƙirƙira a Kalifoniya a 1949, ta gama kankare fuskar ƙanƙarar ta shimfiɗa mata ruwan ɗumi ta bar ta tana sheƙi, sai aka jawo waɗansu dogayen matasai na soso aka yayyanka fagen gida-gida, aka kasa yaran rukuni-rukuni na biyar ko shida, kowane rukuni da babba ɗaya a kansa, kuma bayan 'yan mintoci a busa usur kowa ya matsa gida na gaba. A gida na farko darasin faɗuwa ake yi: a busa usur su zube gaba ɗaya, sa'an nan su ɗaga gwiwa ɗaya su dafa ta su miƙe, a maimaita har faɗuwar ta daina ba su tsoro ta koma abin dariya. A wani gidan guje-guje suke yi wani na ƙoƙarin kamo wani, a wani suna tsallake sandunan da aka shimfiɗa a ƙasa, a wani kuma, abin mamaki, ƙwallon ƙafa aka jefa musu suna shura da takalman zamiya, domin wanda ya ɗaga ƙafa ɗaya ya yi shuri ya koyi tsayuwa a kan ɗaya ba tare da ya san ana koya masa ba. A gida na ƙarshe ne kaɗai ake wasa sosai, uku da uku, da wani shuɗin faifai mara nauyi, giram 113, wanda aka yi don ƙarfin hannun yara. Na duba ko zan ga yaron da ke tsaye cikin layi yana jiran a zo kansa, ban gani ba. Na kuma lura cewa duk sa'ad da mai horarwa zai yi magana sai ya sa gwiwa ɗaya a kan ƙanƙara, idonsa ya daidaita da nasu, ya faɗi abin da zai faɗa cikin 'yan kalmomi ya sallame su.

Bayan an tashi na sami zama da babbansu, wani ma'aikacin lantarki wanda ba a biyansa ko anini a kan wannan hidima, 'yarsa kuma tana cikin yaran, don a waɗannan shekaru maza da mata tare suke wasa a garin. Na tambaye shi hikimar yayyanka fagen, sai ya ce a zamanin ƙuruciyarsa a cikakken fage aka sa su, irin wanda ƙattin ƙwararru ke wasa a kai, abin da ke faruwa kullum kuwa shi ne yaro ɗaya da ya riga sauran iya gudu ya ɗauke faifan ya tsere da shi, saura su bi shi a baya da haki, har a tashi waɗansu sandarsu ba ta taɓa komai ba. Lalle sa ɗan shekara shida a irin wannan fili daidai yake da a zura masa babbar rigar ubansa a ce ya shiga tsere. Hukumar wasan ta Amurka ta fito da sabon tsarin renon 'yan wasa a 2009 wanda ya dogara a kan ƙananan filaye, ita ma takwararta ta Kanada, Hockey Canada, ta wajabta a 2017 cewa 'yan shekara biyar da shida a kan faɗin fage za su yi wasa maimakon tsawonsa, a 2019 kuma ta ƙara da cewa 'yan bakwai da takwas rabin fage ne rabonsu. Hujjarsu ita ce binciken da aka yi a Amurka da na'urorin bin motsi, wanda ya nuna cewa a ƙaramin fili taɓa faifan da yaro ke yi ya ninka sau biyu, harbinsa zuwa raga kuma sau shida. Ga shi kuma cunkoso yana tilasta masa ya ɗaga kai, ya juya, ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido, waɗanda su ne ainihin abin da ke raba gwani da wanda ba gwani ba idan sun girma.

Ya ce ba a karɓi wannan hukunci da hannu biyu ba. Iyaye da yawa sun yi ƙorafi cewa kuɗin cikakken fage suka biya, waɗansu suka ce wannan ba wasa ne na haƙiƙa ba, har aka sami waɗanda suka cire 'ya'yansu suka kai su ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin hukuma. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne allon ƙidaya da aka bari a kashe, domin a wannan mataki ba a rubuta wanda ya ci, ba a jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Ƙararrawa ce kawai ke kaɗawa bayan ɗan lokaci a sauya 'yan wasa, mai ƙarfi da mai rauni kowa ya sami rabonsa daidai, tsaron raga ma zagayawa yake yi, kowa ya ɗanɗana. Da na ce masa ai yaran suna ƙidayawa a zuci, sai ya yi dariya ya ce ƙwarai kuwa, ba kuma ya hana su, sai dai yaro kan manta da lissafin kafin ya gama tuɓe takalmi, uban ne ke tafiya da shi gida ya kwana da shi. Shi nasa lissafin, in ji shi, sau ɗaya yake yi a shekara: idan Satumba ta zagayo ya duba yara nawa daga cikin na bara suka dawo da kansu.

Wajen gyaran kuskure ne na fi sa ido, don na je da zargin cewa mutanen wannan nahiya sun saba yabon yaro a kan kome, ko ya yi daidai ko bai yi ba, wanda a ganina yaudara ce da ke gadar da ujubu. Abin da na gani a wurin wannan mutum ya saɓa da haka. Wata yarinya tana ta faɗuwa duk sa'ad da za ta juya hagu, ga kurakurai uku ko huɗu a tsayuwarta waɗanda ko ni baƙo na hango, amma ɗaya tak ya ɗauka, ya ce ta ƙara lanƙwasa gwiwa, ya nuna mata da jikinsa, ya ƙyale sauran zuwa wani mako. Da ta yi daidai kuma bai ce mata gwana ba, ya ce ya ga gwiwar ta sauka kuma shi ya sa ba ta faɗi ba, wato ya yabi aikin da sunansa yadda za ta iya maimaita shi. Wani yaro kuma da fushi ya ɗebe shi ya kai wa ɗan'uwansa duka da sanda, nan take ya fitar da shi ya zaunar a benci, ba tsawa ba zagi, ya bar shi ya huce, sa'an nan ya zauna kusa da shi suka yi magana ƙasa-ƙasa, yaron ya je ya ba da haƙuri kafin a mai da shi. Sassauci ne wanda ke da haddi. Malamanmu na da sun riga sun yi bahasi a kan wannan babi: Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali a cikin Muƙaddima yana bayyana cewa tsananta wa almajiri yana kashe masa nishaɗi, ya koya masa ƙarya da makirci don gudun hukunci, Imamu Gazali kuma a cikin Ihya'u ya yi nasiha da a bar yaro ya yi wasa bayan karatu don kada zuciyarsa ta mutu. Ma'aikacin lantarkin nan bai taɓa jin sunan ko ɗayansu ba, tajriba da 'yan kwasa-kwasan da hukuma ta wajabta masa ne suka kai shi inda suka kai.

Daga nan muka ɗauki hanyar Brantford, gari ne a bakin kogin Grand, kimanin kilomita 100 daga Toronto, muna ratsa gonaki da dusar ƙanƙara ta lulluɓe fari fat har ba a gane kunya da hanya. Garin yana alfahari da cewa a nan Alexander Graham Bell ya yi tunanin wayar tarho, amma abin da ke kawo baƙi yau shi ne a nan aka haifi Wayne Gretzky a 1961, wanda galibin masana suka yi ittifaƙi cewa ba a yi kamarsa ba a wannan wasa: maki 2,857 ya tara a gasar ƙwararru ta NHL, kuma ko da an share duk ƙwallaye 894 da ya ci da kansa, taimakon da ya ba abokansa suka ci, sau 1,963, ya fi jimillar makin kowane ɗan wasa ban da shi a tarihi. A gaban dandalin wasannin da aka sa wa sunansa akwai mutum-mutuminsa tare da na iyayensa, kuma daidai ne a sa uban, domin Walter Gretzky, ma'aikacin kamfanin tarho, shi ne wanda yake malala ruwa a bayan gida kowane hunturu har ya daskare ya zama fage, ya jera gwangwanaye yaron ya riƙa zagaya su, ya kuma koya masa ya nufi inda faifan zai je maimakon inda yake. Gretzky da kansa ya sha faɗa cewa ba a taɓa tilasta masa fita ba, sai dai a yi fama da shi ya shigo cin abinci, kuma da bazara ta zo yakan rataye takalman ya koma waɗansu wasannin dabam, abin da masu horarwa na yau suke ta roƙon iyaye su bari 'ya'yansu su yi, maimakon a tsare yaro a kan ƙanƙara wata goma sha biyu har ya ƙosa.

Sai dai labarin yana da wani gefe da ba a sassaƙa a jikin tagulla ba. Yana ɗan shekara goma ya ci ƙwallo 378 a kaka ɗaya, sai hassada ta tashi, ba daga yara ba, daga iyayen abokan wasansa, waɗanda suka riƙa yi masa ihu suna kiransa mai son kai, har ya zama dole yana ɗan shekara 14 ya bar gidan iyayensa ya koma Toronto. Wannan ita ce cutar da har yau ba a gama maganinta ba, kuma duk mai horarwar da na zanta da shi ya ce yaran ba su ne wahalar aikin ba. A 2000, a jihar Massachusetts ta Amurka, gardama a kan wasan 'ya'yansu ta sa wani uba ya doki wani uban har lahira a gaban yaran, kotu ta ɗaure shi. Saboda irin wannan fitina ne ƙungiyoyi a larduna da dama suka shar'anta cewa ba a rajistar yaro sai ɗaya daga cikin iyayensa ya yi wani ɗan kwas na ladabin kallo ta intanet. Da yawa kuma suna da ƙa'idar cewa wanda ke da ƙorafi kada ya tunkari mai horarwa sai bayan awa 24, lokacin da zuciya ta sauka. A waɗansu yankuna har koren ƙyalle ake ɗaura wa alƙalin wasa a dantse idan bai kai shekara 18 ba, don wanda zai buɗe baki ya zage shi ya tuna cewa ɗan wani ne, yaro ne, da yake da yawansu suna ajiye usur saboda cin mutunci. Gaskiyar magana ita ce kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da wannan wasa, domin yaran da ke rajista a ƙasar sun kai wajen rabin miliyan, alhali kulob 32 ne a NHL, kowanne da 'yan wasa 23, kuma 'yan Kanada ba su kai rabinsu ba.

Mas'alar da ta fi kowace zafi ita ce ta bangaza. A wasan manya halal ne mutum ya banke mai riƙe da faifai da kafaɗa ko ƙugu, har ya haɗa shi da katako, kuma tsofaffin masu horarwa sun daɗe suna riƙe da fatawar cewa gara a koya wa yaro wannan da wuri don jikinsa ya saba. Lardin Kebek ya hana 'yan shekara 11 da 12 yin ta tun shekaru da dama, lardin Albarta kuwa ya halatta, sai wannan saɓani ya ba masu bincike damar gwadawa: Carolyn Emery ta Jami'ar Kalgari da abokan aikinta suka bi yaran lardunan biyu kaka guda, suka wallafa a 2010 cewa haɗarin rauni da na buguwar ƙwaƙwalwa ya ninka fiye da sau uku inda ake bangaza. Amurka ta hana ga wannan rukuni a 2011, Kanada ta bi a 2013 bayan doguwar muhawara, da aka sake aunawa kuma a Albarta sai aka tarar raunuka sun ragu da rabi, buguwar ƙwaƙwalwa kuma da kashi 64 cikin 100. A waɗannan shekarun wani yaro ya fara zama saurayi, wani kuwa har yanzu ɗan mitsitsi ne, haɗa su karo zalunci ne ko da ba a yi nufinsa ba. A bayan rigunan yara da yawa na ga an ɗinka wata jar alama mai kusurwa takwas irin ta tsayawar mota, daidai tsakanin kafaɗu, don wanda ya taho da gudu ya tuna cewa bankewa ta baya ita ce ke karya wuya.

Akwai kuma wata gaggawar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta tantance yara da wuri a ware waɗanda ake ganin gwanaye ne. Wani masani, Roger Barnsley, da abokan aikinsa sun lura a 1985 cewa a manyan ƙungiyoyin matasa kimanin kashi 40 cikin 100 na 'yan wasa an haife su ne tsakanin Janairu da Maris, waɗanda aka haifa a watanni uku na ƙarshen shekara kuwa wajen kashi 10 ne kawai. Dalili shi ne ana yanke rukunin shekaru daga 1 ga Janairu, sai ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara, mai zaɓe ya ga girman jiki ya ɗauka baiwa ce, ya ba shi ƙwararren malami da ƙarin lokaci, har zaton ya zama gaskiya, ɗayan kuma ya karaya ya bari.

Daga Toronto jirgin ƙasa ya kai ni Mantiriyal ta lardin Kebek cikin wajen awa biyar, ina kallon tafkin Ontariyo ta taga a farkon tafiyar, bakinsa duk ya daskare. A wannan birni ne aka yi wasan farko mai tsari a cikin gini, ranar 3 ga Maris 1875, a fagen Victoria, bisa jagorancin James Creighton, mutum tara-tara a kowane ɓangare, da faifan katako don kada ƙwallo ya yi tsalle ya ji wa 'yan kallo. Jaridun lokacin sun ruwaito cewa da hatsaniya aka tashi, wurin kuwa yanzu ma'ajiyar motoci ce. Abin da na ɗauka daga Kebek shi ne wata ƙa'idar gasar yaransu, inda ƙungiya ke samun ƙarin maki guda a kowane wasa idan mintocin hukuncinta ba su wuce wani haddi ba, ko ta ci ko an cinye ta, ta yadda mai horarwar da ke zuga yaransa su yi keta zai ga hasararsa a kan allo. Dabara ce ta masu hankali, don sun san wa'azi kaɗai ba ya motsa wanda idonsa ke kan kofi.

Ba zai yiwu in rufe ido ga babin amana ba. Sheldon Kennedy, tsohon ɗan wasan NHL, ya fito ya bayyana cewa mai horar da shi ya yi shekaru yana lalata da shi tun yana yaro, aka ɗaure mutumin a 1997, Kennedy kuma ya haɗu da wani abokinsa a 2004 suka kafa cibiyar da ke shirya kwasa-kwasan da na ambata. Yanzu ba a ba mutum yara sai 'yan sanda sun binciki tarihinsa, an kuma hana babba ya keɓe da yaro ba tare da wani babban a wurin ba. Duk da haka ita kanta hukumar Hockey Canada ba ta kuɓuta ba, domin a 2022 shugabanninta suka sauka gaba ɗaya bayan an gano cewa ana biyan diyyar ƙararrakin cin zarafi daga wani asusu da kuɗin rajistar yara ke shiga cikinsa.

Aibin da na ga ya fi wuyar gyara shi ne tsada. Kayan yaro ɗaya ɗaruruwan daloli ne, yana kuma girma ya fi ƙarfinsu, wanda ya shiga rukunin gwanaye kuwa iyayensa dubbai suke kashewa kowace shekara a rajista da tafiye-tafiye da masauki, saboda haka ɗan talaka da ɗan baƙo sukan tsaya a bayan gilashi, duk da musayar tsofaffin kaya da shirye-shiryen rangwame da ake yi. Waɗanda suka shiga daga cikin baƙar fata ma ba duka suka sami tarbar arziki ba: Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene, ya bayyana a 2019 irin zagin launin fata da wani mai horarwa ya yi masa shekaru goma kafin nan, mutumin ya ajiye aikinsa a kulob ɗin Kalgari cikin 'yan kwanaki. Amma ƙofar ba a kulle take ba. Ɗan wasa na farko haifaffen Nijeriya da ya taka NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa Bayarabe ne, ya yi shekaru yana kyaftin ɗin Kalgari. Nazem Kadri kuma, Musulmi na farko da ya ci kofin Stanley na gasar NHL, ya ɗauki kofin a 2022 ya kai shi masallacin garinsu, Landan ta Ontariyo, inda yara suka yi dafifi suna kallo.

Wanda Allah ya nufa da zuwa wannan ƙasa tsakanin Oktoba da Maris, kada ya ƙare kuɗinsa a tikitin wasan ƙwararru kaɗai. Ya tambayi inda fagen unguwa yake, ya je da safiyar Asabar lokacin horon ƙanana, don galibi ba a karɓar kuɗin shiga, ya kuma haɗa da safa biyu da bargo, saboda bencin 'yan kallo ya fi waje sanyi a waɗansu ranaku.